Shekarar da Na Kai Jatau Bakin Rijiya

Usmanu ɗan ƙanwata ya dawo daga gabas, can inda ake haƙo man fetur, da agogo a hannu da baki cike da labari. Ya tsaya a ƙofar ma'asararmu ta unguwar Misfala a Makka shi da abokansa, yana kallon raƙumi na zagaye ni kuma ina zaune a gefen turmi, sai ya ce musu da Larabci, wai don kada in ji, "Kun ga aikin kawuna. Raƙumi ke shan wahala, shi yana hutawa." A Misfalar nan aka binne cibiyata, Larabcin da yake taƙama da shi kuwa na riga uwarsa iyawa. Ban tanka ba a lokacin, don riɗi ya kusa sakin mai, ba a barinsa a wannan gaɓa saboda surutun yaro. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku zauna in ba ku labarin hutun nan da nake yi, ku da kuke ganin kamar daga sama mai ke zubowa cikin kwalba.

Ma'asara ita ce wurin matsar man riɗi, kayanta kuma ba su da yawa. Akwai turmi, gungumen magarya ne da aka ɗauko daga kudu tun kafin a haife ni, mutum biyu da ƙyar suke rungume shi, rabinsa kuma a binne yake cikin ƙasa. Akwai taɓarya mai kaurin cinyar ƙato, a jingine take a cikinsa. An ɗaure kanta da wani dogon itace da aka rataya wa duwatsu don ya danne ta, a ƙarshen itacen nan kuma ake ɗaura raƙumi. Mukan rufe masa ido da 'yan faya-fayan kaba don kada jiri ya ɗebe shi. Yana zagaye ta hagu, taɓarya na murje riɗi a jikin turmi. Iyakar abin da Usmanu ya gani ke nan, kuma da iyakarsa ke nan da kowa ma ya buɗe tasa.

Aikin da na fara da shi a hannun maigidana Baba Altine shi ne rairayar riɗi. Basakkwace ne, da ƙafa ya taho, ya daɗe yana ƙwadago a gonakin Sudan kafin ya sami na jirgi, a can kuma ya koyi matsa. Ba ya duka, ba ya zagi. Sai in wuni ina sheƙewa ina rairayewa, wuyana ya ƙage, in ce na gama. Ya zo ya cusa hannu cikin buhu, ya zaro tsakuwa ɗaya ƙanƙanuwa, ya buɗe tafina ya ajiye mini ita, ya wuce abinsa. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Tsakuwa ɗaya tana karce cikin turmi, inda ya karce kuwa nan mai ke maƙalewa ya lalace, ya ɓata na gobe. Sai da aka yi aikin Hajji har sau biyu ina kan tabarmar rairaya kafin ya yarda na taɓa taɓarya.

Sai kuma ruwa. Riɗi ba ya sakin mai sai an yayyafa masa ruwa, kuma babu mudun da zai gaya maka nawa ne. Kunne ke faɗa. Da farko za ka ji taɓarya na ƙurus-ƙurus kamar akuya na tauna dawa. Can sai ƙarar ta yi laushi, itacen sama ya soma wani ɗan nishi, to a nan ne za ka ɗebo da tafin hannu ka yayyafa. Ka yi gaggawa, mai ya fito a gurɓace, kwana kaɗan ya yi wari. Ka yi jinkiri, riɗi ya dunƙule ya riƙe mansa, raƙumi ya yi ta zagayen banza. Riɗin Sudan da na Yaman ma ba ƙishirwarsu ɗaya ba. Duk wannan kuma bakinka ba ya shiru, don raƙumin da ba ya gani, muryarka ce ke gaya masa ba shi kaɗai ba ne. Ka yi shiru, ya tsaya.

Kakar cinikinmu ita ce shigowar sanyi. Sanyin Makka ba wani abin a zo a gani ba ne, amma mutanen garin nan da iska ta ɗan kaɗa sai su soma tari kamar an jefa su a randa. Nan fa za ka ga layi a ƙofarmu. Masu sayar da ful, dafaffen waken Larabawa, na son na zubawa a kai. Iyaye mata na son na shafa wa yara a ƙirji. 'Yan dakon da suka sha kaya a Mina na son na murza baya. Tsofaffinmu Takari, wato mutanen ƙasarmu mazauna Makka, kuwa ba su yarda da kowane mai ba sai sun lasa a yatsa sun ɗaga kai sama sun yi tunani. Manoman Wadi Faɗima su ma sukan shigo da albasa da kabewa a kan jakuna, su koma da tunkuzar riɗi, wato abin da ya rage bayan an kwashe mai, su ba shanunsu. Raƙuminmu ma tunkuzar ce rabin abincinsa. Sunansa Jatau, saboda jan gashinsa, kuma a hannuna ya girma cikin aikin.

Ana cikin haka yaƙin Turawa ya kai inda ya kai. Jirage suka daina zuwa Jidda yadda suka saba, alhazai suka ragu har Misfala ta yi tsit kamar gidan makoki, riɗin Sudan ya yanke. Muka matse abin da ke ɗaki, muka karkaɗe buhuna, muka zauna. Ba riɗi, ba tunkuza, ciyawa kuma a Makka saye ake yi. Ma'asaru biyu na unguwar suka kai nasu raƙuman mahauta. Na san abin da hakan ke nufi, don raƙumin matsa ba a kasuwa ake samunsa a shirye ba. Tun yana ƙarami ake koya masa, a sha harbi a sha cizo, kuma wanda ya rufe ƙofa ya rasa raƙumi da wuya ya sake buɗewa. Su biyun nan har yau ba su buɗe ba.

Wata safiya sanyi na ƙaratowa Baba Altine ya tsaya yana kallon tozon Jatau da ya soma kwantawa, ya ce, "Haruna, wanga raƙumi cin banza shika yi. Mi za mu ba shi? Na yi magana da mahauci. Gara a yanka shi da nama jikinai."

Na ce, "Baba, in riɗi ya dawo fa? Mu za mu ja itacen?"

Ya ce, "In ya dawo. Kai ka ga ranar dawowa tai?"

Ban gani ba. Amma na san Abu Salim, ɗaya daga manoman Wadi masu karɓar tunkuza, kuma na ji taguwarsa mai jan ruwa ta karye a ƙafa, ga shi ya riga ya shuka alkama. Na same shi a kasuwa na ce ina da amale mai ƙarfi da bai san gajiya ba, zan kawo shi ya ja masa ruwa duk tsawon sanyi, shi kuma ya ciyar da shi ya ciyar da ni. Ya ce tayyib, ya yarda. Da na gaya wa Baba Altine sai ya ce, "Tahi. Amma in ya koro ku, kak ka kawo min shi nan. Wuce da shi wurin mahauci kai tsaye."

Muka bi ayarin masu komawa Wadi, akalar Jatau a ɗaure da sirdin raƙumin da ke gabansa, ya bi layi lafiya lau. Ni da Baba Altine da muka ƙare rayuwarmu a gefen turmi, babu wanda wani abu ya ɗarsu a ransa.

Jan ruwa a Wadi ba kamar na guga ba ne. A bakin rijiya akwai itatuwa biyu a tsaye da wani mai juyawa a tsakaninsu, a kansa igiya ke gudu. Daga bakin rijiyar an haƙa gangare dogo, miƙaƙƙe kamar sandar makiyayi. Raƙumi zai gangara yana jan igiya, wasaki ya taso cike da ruwa ya juye cikin kwatami, sai ya juyo ya hauro, wasaki ya koma ƙasa. Daga kwatami ruwa ke bin lambatu zuwa fangalai. Aikin ke nan daga hantsi har rana ta yi sanyi, a miƙe a dawo.

Muka ɗaura wa Jatau igiya a ƙirji, Abu Salim ya yi bisimilla, na ja akala. Taku biyu ya yi daidai. Da ya ji nauyin ruwa ya zauna masa a ƙirji, sai kawai ya sunkuyar da kai ya karkata hagu, ya haye gefen gangare zai yi zagayensa na kullum. Igiya ta zame daga kan itace, wasaki ya daki bangon rijiya ya yage, ya koma ƙasa da ƙara. Muka ɗinke, muka sake. Ya sake karkata hagu. Sabo turken wawa. Shi a saninsa, duk inda aka sa masa nauyi a ƙirji to akwai turmi a hagunsa, ko ya gan shi ko bai gani ba.

Abu Salim ya riƙe haɓa ya ce, "Ya Haruna, wannan ne wanda bai san gajiya ba? Wallahi gaskiyarka, ina zai gaji tunda ba ya zuwa ko'ina." Maƙwabtansa da suka taru suka kwashe da dariya. Sa'an nan Abu Salim ya daina wasa ya nuna mini gona. Alkama ta tsiro kamar gashin jariri, ƙasa kuma ta soma tsagewa a gefen fangalai. Ya ce, "Ya waladi, ba na ƙinka. Amma abincin gidana ke nan na shekara. Ranar da na ga ganyen nan ya yi rawaya, halas, shi ke nan, ka kama hanya, in nemi wani."

Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa, don hanyar da yake cewa in kama na san inda ta ƙare.

Abu Salim ya gwada irin tasu dabarar, wato sanda. Jatau da ba a taɓa dukansa ba ya durƙushe a tsakiyar gangare yana ruri, ya ƙi tashi har azahar. Ni kuma na gwada tawa, na rufe masa ido, ai sai abin ya ƙara lalacewa, ya ɗauka ma mun koma gida. Muka jera duwatsu a gefen hagu, ya tsallake su. Wani tsoho a cikin maƙwabta ya ce in haƙura, itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tsakanin nan ni da Abu Salim da hannu muke jan ƙaramin guga muna ɗan jiƙa fangalan da suka fi galabaita, abin da bai kai ya kashe wa gonar ƙishirwa ba.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba wata hikima ba ce. Na shiga ta hagunsa, inda yake neman turmi, na sa kafaɗata a gindin wuyansa, na riƙe akala gajere, na soma yi masa irin surutun da nake yi masa a ma'asara. Da ya ji nauyi ya karkato, sai ya tarar da ni. Ya turo, na tura. Amale ne fa, ni kuwa ko a lokacin ba wani jiki gare ni ba, amma ba ya son ya taka ni, sai ya riƙa gyara ƙafa. A haka muka kai ƙarshen gangare a karkace kamar masu maye, na ji ruwa ya juye cikin kwatami a bayanmu. Abu Salim ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu Akbar! Yalla, a sake!"

Aka sake, aka yi ta sakewa har sanyi ya fita. Duk gangarawar da Jatau ya yi da ni ya yi ta, duk haurowa ma haka. Sanyin Wadi kuma ba irin na Makka ba ne, na gaske ne, da safe ƙasar gangare a jiƙe take da ɗigon igiya, tana cizon tafin ƙafa. Ƙafafuna suka yi faso har suna jini. Kafaɗata ta kumbura, ta saɓe, ta yi kanta. Rannan ya zame a laka ya sauke mini ƙafarsa a kan tawa, yatsu biyu suka karye, shi ne ɗingishin nan da kuke kwaikwayo in na ba da baya, kuna zaton ban sani ba. Matar Abu Salim ta ɗaure mini da tsumma, washegari na koma gangare da sanda a hannu ɗaya, don ruwa ba ya jiran ƙafa ta warke.

Zaman Wadi ya koya mini abin da ban sani ba, ni ɗan birni. Na ga yadda suke raba ruwa fangali bayan fangali da bakin fartanya, da yadda suke tara busasshen ganyen dabino tun kafin sanyi don hura wuta, da yadda ake yankan barsim, ciyawar da suke shukawa musamman don dabbobi, a bar gindinta ta sake tohowa. Barsim ɗin nan Jatau ya ci har tozonsa ya miƙe. Abincinmu gurasar sha'ir da dabino da ɗan nono, ranar Juma'a a sami albasa a kai. Ba wanda ya ƙoshi a shekarar, amma ba a kwana da yunwa ba.

Sannu a hankali turin ya ragu. Daga kafaɗa na koma tafin hannu, daga tafin hannu na koma tafiya a gefensa kawai. Ranar da alkama ta fitar da kai, ina zaune a bakin kwatami ina jiƙa ƙafa, Jatau na gangarawa yana haurowa shi kaɗai, miƙe kamar an ja masa layi.

Da aka yi girbi, Abu Salim ya kai ni wani yanki a ƙarshen gonar ya ce, "Raƙuminka ya shayar da alkamata. In kana da irin riɗi, ga ƙasa, ga ruwa." Na aika wa Baba Altine neman iri ta hannun masu kai albasa. Ban sa rai ba, sai ga ƙullin tsumma ya dawo, riɗi ne da ya tsince daga saƙon buhuna da tsagar ƙasan ɗaki, tas babu tsakuwa ko ɗaya. Ba saƙon baki, ba gaisuwa. Muka shuka da zafi ya shigo, muka sha rana muna ba shi ruwa, muka yanke kafin kwanson ya fashe, muka jingine dammuna suka bushe, muka karkaɗe a kan tabarmi. Ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa a buɗe ƙofa.

Sanyi na sake ƙaratowa na shigo Misfala, Jatau ɗauke da buhunan riɗinmu. Kafin mu sauke labari ya zaga unguwa. Washegari da hantsi ƙofar ma'asara ta cika da mata da kwalabe da masu ful da gwangwanaye, mutanen da suka shekara ba su ga man riɗi ba. Har mahaucin nan ya zo, shi ma da kwalbarsa. Baba Altine ya tsufa ƙwarai a shekarar, gwiwoyinsa sun kumbura, tari kuma ya kama shi. Ya wanke turmi da kansa, ya zuba riɗi, na rufe wa Jatau ido na ɗaura shi a itace, na ce masa mu je.

Da ya ji nauyi a ƙirji, sai ya miƙe sak. Itace ya yi ƙara, duwatsu suka yi tsalle, taɓarya ta ɗago daga cikin turmi ta watsar da riɗi, shi kuma ya je ya buga hanci a bango ya tsaya yana jiran ya ji ruwa ya juye. Na mayar da shi, ya sake miƙewa. Na shekara ina cire masa zagaye daga jiki, kuma na cire shi tas.

Mutane suka yi dariya, ban ga laifinsu ba. Mahauci ya ce, "Baba Altine, maganarmu ta bara tana nan fa. Ga shi ma ya yi ƙiba."

Ni kuwa na san magani tunda na sha shi. Na ɗingisa na zagaya ta damansa, na kama akala gajere, na gyara kafaɗa zan sa a wuyansa. Sai na ji an riƙe mini hannu. Baba Altine ne. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna yake kallo, da yatsun da suka warke a karkace.

Ya ce, "Sake akalag ga. Kai ka yi taka tahiya. Koma bakin turmi ka zamna."

Na ce, "Baba, gwiwarka."

Ya ce, "Na ce ka zamna." Sa'an nan ya juya wurin mahauci ya ce, "Kai kuma in mai kaz zo saye, bi layi. Wanga ba nama ba ne."

Ya tuɓe rawaninsa ya naɗe a kafaɗa, ya jingina ta a wuyan Jatau, ya soma yi masa magana ƙasa-ƙasa da Sakkwatancinsa. Jatau ya nemi miƙewa, ya tarar da tsoho a gabansa, ya gyara ƙafa. Ya sake nema, ya sake gyarawa. Dariya ta ɗauke a ƙofa. Na tattara riɗin da ya zube na mayar cikin turmi, na jawo ƙwaryar ruwa kusa da ni na kasa kunne, su biyun kuma suna ta wucewa ta gabana, tsoho na tari yana turi, har taɓarya ta soma ƙurus-ƙurus.